Yadda ake ɗauko duniyar wasan kati a mayar da ita littafin wasan labari na tebur

Ƙanena ne ya fara shigo da katunan gidanmu a Agege. Abokin karatunsa ne ya ba shi su cikin kwalin takalmi, tsofaffin katunan Magic: The Gathering, wasu har gefensu ya cinye saboda yawan juyawa. Mun ɗauki makonni muna bugawa ni da shi, amma yadda muke buga wasan na mutum biyu ne, mu kuwa in an sallame la'asar ranar Lahadi mukan kai shida a ɗakin. Wata rana ɗiyar yayata, 'yar shekara goma sha huɗu, ta zaro kati ɗaya mai hoton wata mata riƙe da fitila a cikin wani rami na ƙarƙashin gari, ta ce, "Kawu, ita wannan in ba yaƙi ake yi ba, me take yi?" Na juya katin gaba da baya, babu amsa a jikinsa. Amsar irin wannan tambaya ita ce aikin da zan bayyana a nan.

Ga wanda bai saba ba: wasan kati na tarawa shi ne wanda kowa ke haɗa nasa ƙunshin katin, kowane kati da hotonsa da ƙarfinsa, a fuskanci juna. Richard Garfield ne ya ƙirƙiri Magic, kamfanin Wizards of the Coast ya fito da shi a 1993. Wasan labari na tebur kuwa ya fi kusa da tatsuniya, sai dai masu sauraro su ne jaruman. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya riƙe jarumi ɗaya ya faɗi abin da zai aikata, a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin a ga ko ya dace. Mafi shahara shi ne Dungeons & Dragons, na Gary Gygax da Dave Arneson, wanda ya fito a 1974. Tun 1997 wasannin biyu suke hannun kamfani ɗaya, amma sai a 2016 aka fara haɗa su a hukumance, lokacin da James Wyatt ya rubuta wata 'yar ƙasida ta kyauta, Plane Shift: Zendikar. Cikakken littafi ya biyo baya a 2018 a kan birnin Ravnica. Abin da za ka yi ƙaramin irin wannan ne, da Hausa, don teburinka.

Fara da wuri ɗaya da lokaci ɗaya

Magic yana da duniyoyi da yawa, kuma kwaɗayi zai ce maka ka kwaso duka. Zaɓi ɗaya, a cikinta ma ka zaɓi unguwa ɗaya ko gari ɗaya. Mu mun ɗauki Ravnica saboda birni ce da ta mamaye duniyarta kaf, ƙungiyoyi goma ke juya ta, kuma duk wanda ya zauna a Legas ba sai an yi masa dogon bayani a kan garin da ba ya ƙarewa ba. Wanda ke son ƙasa mai kama da tamu ya duba Jamuraa, nahiyar da katunan Mirage na 1996 suka ɗauko ƙirarta daga Afirka.

Lokaci ma sai ka tsayar da shi, domin labarin wasan kati gudu yake yi, kowane sabon ƙunshi da ya fito sai wani sarki ya faɗi ko wani gari ya ƙone. Masu Legend of the Five Rings sun gamu da wannan tun da wuri. Wasansu na kati ya fito a 1995, kuma a lokacin sakamakon manyan gasanni ne ke juya labarin daularsu ta ƙage, Rokugan. Da suka zo fitar da wasan tebur a 1997, sai suka koma baya, suka ajiye shi kafin babban yaƙin ƙabilun daular ya ɓarke. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Ka ajiye naka labarin gab da tashin rigima, lokacin da kowa ke jin ƙaurin hayaƙi amma wuta ba ta kama ba. A nan ne ƙaramin mutum ke da abin yi.

Akwai maganar da gara a yi ta tun yanzu. A gidajenmu, da an ga kati sai zuciya ta tafi kan karta da caca. Ka zauna da manyan gida ka nuna musu babu kuɗi a ciki. Magic kansa ya fara da wata doka ta cinye katin abokin karawa, aka kuma yi watsi da ita tun shekarun 1990. Sannan wasu duniyoyin an gina su ne a kan gumaka, kamar Theros, wadda littafinta na 2020 ya sa jarumi yana samun daraja gwargwadon biyayyarsa ga abin bautar Girkawa na ƙage. Ni ban kawo wannan teburinmu ba, kuma ban ga mun rasa komai ba. Littafinka ne, kai ka san mutanenka.

Baje katunan a tabarma

Samo littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Ka baje duk katunan duniyar da ka zaɓa, ka manta da ƙarfinsu tukuna, ka kasa su kashi huɗu: mutane da dabbobi, wurare, kayayyaki, sai abubuwan da suka faru. Katunan ƙasa, wato masu hoton daji, dutse ko fadama, waɗanda 'yan wasa ke ajiyewa ba tare da sun ko kalle su ba, su ne taswirarka. Katin da ke nuna wani aiki na nan take, kamar kama mutum ko rushe gini, shaida ne cewa irin wannan yana faruwa a garin, don haka akwai mai yi kuma akwai wanda ake yi wa.

Kowane kati ka karanta shi sau uku. Na farko sunan. Na biyu ɗan rubutun nan mai karkace da ke ƙasa, wanda ba ya cikin doka, galibi magana ce daga bakin wani ɗan garin. Na uku hoton, kuma a nan za ka daɗe. Kar ka tsaya a kan wanda ke tsakiya da takobi. Dubi bayansa: wace irin tufa ce a jikin masu gudu, da me aka yi rufin gidajen, akwai rumfar kasuwa, akwai jaki ko amalanke? Duk abin da ka gani rubuta shi layi ɗaya, da sunan katin a gefe. Katunan da ba ka da su za ka same su a rumbun Scryfall ko Gatherer, inda ake neman kati da sunan ƙunshinsa a ga hotonsa kyauta. In ka samu intanet mai ƙarfi ka sauke hotunan a waya gaba ɗaya, kar ranar wasa ta zo kana jiran shafi ya buɗe.

Ka tambayi garin abin da kati bai faɗa ba

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a nan mafi yawan masu gwadawa ke yin gaggawa. A wasan kati kai babban matsafi ne mai kallo daga sama, kana kiran mayaƙa su mutu dominka. A tebur kuwa jaruman su ne waɗannan mayaƙan, da ƙafafunsu a ƙasa, suna jin yunwa, ana bin su bashi. Kati yana nuna maka ranar faɗa. Teburinka yana buƙatar ranar kasuwa.

Wanda ya buɗe mini ido abokinmu ne mai sayar da albasa a Mile 12. Na karanta masa abin da na rubuta a kan Golgari, ƙungiyar da ke zaune a ƙarƙashin Ravnica tana sarrafa shara da ruɓaɓɓen abu tana noma abincin talakawa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To Malam, abincin nan wa ke hawo da shi sama? Ƙarfe nawa motar ke isowa? Wa ke saukewa, wa ke karɓar la'ada, kuma in hanya ta toshe kwana uku, wa zai fara kuka?" Mutumin da ya ga yadda farashin buhu ke tashi in tirela ta makara a hanya daga Arewa ya san abin da marubuci bai sani ba. A daren na cika shafi huɗu: ƙofar rami da ake buɗewa kafin asuba, 'yan dako masu ɗaure hanci da ƙyalle saboda wari, dillaliya mai riƙe da littafin bashi, da mai gadin da ake sa wa wani abu a hannu ya kau da kai.

Ga tambayoyin da nake yi wa kowace unguwa yanzu. Me ake ci da safe, daga ina yake zuwa? Ina ake ɗebo ruwa? Wa ke raba faɗa in maƙwabta sun saɓa? Baƙo in ya sauka da dare, gidan wa zai nufa? Wace sana'a ake rainawa alhali gari ba zai kwana ba tare da ita ba? Me yara ke tsoro? Bahaushen Legas yana da fifiko a nan, domin ya san rayuwar zango: yadda baƙo ke neman ɗan garinsu, yadda sarkin Hausawa ke tsaya wa mutanensa, yadda kowace sana'a ke da shugabanta. Ba cewa nake ka mayar da Ravnica ta zama Agege ba. Kama da wane ba ta wane. Amma sanin yadda gari na gaske ke numfashi shi zai nuna maka gurbin da katunan suka bari.

Ƙungiyoyi, shafi ɗaya kowacce

Kar ka rubuta duka goma. Uku sun isa littafin farko, in dai muradunsu na karo da juna a unguwar da ka zaɓa. Mu mun ɗauki Golgari masu abinci, Orzhov masu ba da rance waɗanda bashinsu ba ya faɗuwa ko mutum ya mutu, da Boros masu ɗamara. Kowacce ta samu shafi ɗaya tak: abin da take so a wannan unguwa, abin da take ɓoyewa, irin aikin da za ta aiki sabon shiga, matakan girma uku ko huɗu da abin da kowane mataki ke buɗe wa mutum, sai mutum uku masu suna da hali. Littafin Ravnica na 2018 ya yi amfani da makin daraja da ke ƙaruwa in jarumi ya yi wa ƙungiyarsa aiki, ya kuma sa kowane jarumi ya fara wasa da sanayya a cikin ƙungiyarsa da wajenta. Wannan na biyun kar ka bar shi. Jarumin da ƙanwarsa ke aure a ƙungiyar abokan gaba ya riga ya shigo da labarinsa.

Launuka biyar na Magic ma suna da amfani. Fari tsari ne da zaman jama'a, shuɗi ilimi da lissafi, baƙi buri da son kai, ja zafin zuciya da 'yanci, kore ɗabi'a da gado. Juya kowane kati za ka gan su a jere a da'ira: maƙwabta aminai ne, masu fuskantar juna kuma ba sa ga maciji. Ka sa kowane ɗan wasa ya zaɓi launi biyu ya rubuta a saman takardar jaruminsa. In ya rasa abin da jaruminsa zai yi, ya dubi launin.

Lambobi: kar ka yi lissafin kai tsaye

A kusurwar katin halitta akwai lamba biyu, ƙarfin duka da ƙarfin jurewa. Zuciya za ta raya maka ka ninka su da goma ka samu dodon tebur. Ba ya yiwuwa. A Magic, katin Grizzly Bears biyu da biyu ne, Shivan Dragon kuma biyar da biyar, wato macijin wuta bai ninka beyar sau uku ba. A dokokin Dungeons & Dragons na 2014 kuwa beyar tana da makin rai 34, wato ma'aunin dukan da za ta jure kafin ta faɗi, babban jan macijin wuta yana da 256. Lambobin kati an yi su ne don wasa ya daidaita tsakanin mutum biyu, ba don su auna girman halitta ba. A Magic kurege da soja duk ɗaya da ɗaya ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda ƙasidun Plane Shift suka bi: nemo halittar da ta riga ta kasance a dokokin tebur wadda ta fi kama da ta katin, ka ɗauki lambobinta, ka canja mata suna da kama, sannan ka ƙara mata abu ɗaya da ya fito daga katin. Mai gadin ƙofa na Boros, ɗauki lambobin mai gadi na yau da kullum, makin rai 11 da kariya 16, wato lambar da mai hari zai kai kafin dukansa ya same shi. Kwamandansu, ɗauki na tsohon soja mai makin rai 58. Abu ɗayan da za ka ƙara kuwa, ka fassara ma'anar dokar katin, ba kalmominta ba. Halittar da katinta ya ce taɓawarta kisa ce, ba ta dafi. Wadda ke kai hari da shigowarta, ba ta damar fara motsi. Wadda ba ta gajiya bayan hari, ka sa ba a iya shammatarta. Wadda ke dawowa daga kabari, ka rubuta abin da za a yi don ta kwanta gaba ɗaya, domin wannan kaɗai ya isa labarin yamma guda. Halitta takwas zuwa goma sun wadatar.

Manyan taurarin katunan kuwa, masu ƙetara duniyoyi, ka bar su nesa. A ji sunansu a bakin mai shayi, a ga hatiminsu a takarda. Da zarar ɗaya ya shigo ɗaki, jaruman teburinka sun zama 'yan kallo.

Labarin farko da gwaji

Littafin da ba shi da labarin da za a buga a daren farko ajiye shi ake yi. Rubuta gajere, na awa biyu zuwa uku, daidai tsakanin la'asar da magariba ko bayan isha. Namu ya fara ne da safiyar da ƙofar ramin abinci ba ta buɗe ba. Dillaliya ta nemi jaruman su sauka su gano dalili kafin kasuwa ta rikice. A ƙasa suka tarar Orzhov sun riƙe kayan a kan tsohon bashi, Boros kuma na shirin fasa ƙofar da ƙarfi, abin da zai sa ruwa ya ci gonakin. Wuri huɗu, mutum biyar, faɗa ɗaya da ake iya kauce masa. Kar ka rubuta yadda zai ƙare. Rubuta abin da kowane ɓangare zai yi in jaruman ba su sa baki ba.

Katunan su zo tebur. In jarumai sun haɗu da wani, ɗaga katinsa su gani, gani ya kori ji. Ka ware kati ashirin ka kife su gefe, duk lokacin da labari ya tsaya ka ja ɗaya, abin da ke hoton shi ne ya faru. In babu ɗan ludo mai fuska ashirin, akwai manhajojin waya masu jefawa, ko a rubuta 1 zuwa 20 a guntayen takarda a zuba a hula.

Gwajin gaskiya shi ne ka miƙa wa wani littafin ya ja labarin, kai ka koma gefe da biro, ka kame bakinka. Rubutuna na farko ya kusa shafi sittin, rabinsa tarihin shekaru dubbai. Ƙanena ya riƙe shi yana ta juya shafi yana neman sunan mai gadin ƙofa, mutane na jira, har aka kira salla. Ya ce, "Yaya, abin da nake nema yana ciki, amma ban san inda ka sa shi ba." Na yanke tarihin ya koma shafi ɗaya, na kawo kowane mutum kusa da wurin da za a gamu da shi. Duk inda mai jan labari ya yi shiru yana lalube, sa alama. Duk abin da aka yi wasa uku ba a taɓa ba, cire shi.

Doka da bugawa

Sunaye, hotuna da labaran katunan mallakar kamfaninsu ne. Wizards of the Coast yana da ƙa'idar da ta yarda masoya su yi irin wannan aiki su raba kyauta, tare da rubuta cewa ba na kamfanin ba ne, amma ba a sayarwa. Mai son sayarwa yana da hanya biyu. Ko dai ya bi ta kasuwar Dungeon Masters Guild da aka buɗe a 2016, wadda ta yarda a yi rubutu a kan Ravnica bisa sharuɗɗanta, ko kuma ya ƙirƙiri tasa duniyar da nasa sunaye da zane, ya ɗora ta a kan ainihin dokokin wasan da kamfanin ya saki a 2023 ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba kowa damar amfani da su. Karanta sharuɗɗan da kanka kafin ka karɓi ko sisi.

Girman A5 ya fi daɗin riƙewa, wato takardar A4 a ninke biyu, a ɗinke ta tsakiya da ƙusar takarda. Don haka yawan shafuka ya zama mai rabuwa da huɗu: 24, 28 ko 32. Babbar matsalarmu haruffa masu lanƙwasa ce. Karon farko da na kai aikin wani shagon ɗab'i a Shomolu, duk ƙ da ɗ da ɓ suka fito akwatuna, saboda kwamfutarsu ba ta da salon rubutun da na yi amfani da shi. Ka zaɓi salo mai ɗauke da su, irin Charis SIL, Andika ko Noto, ka mayar da aikin PDF tun daga gida, ka kuma nemi a buga maka shafi ɗaya ka duba da idonka kafin a ci gaba. Baƙi da fari ya isa, bango kawai ya yi kauri saboda danshin Legas.

Buga kwafi shida ko bakwai kawai, ka bar shafi huɗu na ƙarshe babu komai sai layuka, domin mutanen da za a haifa a tebur. A kwafin ɗiyar yayata, shafin farko daga cikinsu na matar nan mai fitila ne. Ta rubuta cewa ita ke zagaya magudanan ruwa kafin asuba tana duba inda ya tsage, 'ya'yanta biyu, kuma Orzhov na bin mijinta da ya rasu bashin da take biya duk ranar kasuwa.